Ranar da Uwar Garke Ba Ta Faɗi Ba

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Laraba, a ɗakin gaggawa, aka yi wa wata mata mai ɗinki allurar da jininta ba ya ɗauka. An rubuta gargaɗin ɓaro-ɓaro a katinta, amma katin yana cikin kwamfuta, kwamfutar kuwa sai juya ɗan zobe take a fuska, ta ƙi buɗe komai. Ƙaramin likitan da ke kanta ya jira minti shida, ya ga ciwon na cin ta, ya ce a yi. Kafin nas ta ajiye sirinji maƙogwaron matar ya fara kumbura. Da ƙyar aka kai ta bene, aka sa mata na'urar numfashi.

Sati uku ke nan asibitin na fama da abu ɗaya. Da an buɗe da ƙarfe takwas, kwamfutoci ɗari da sittin suka tashi neman kati da sakamakon jini a lokaci guda, sai babbar kwamfutar da dukansu ke ɗiba a wurinta, wadda ma'aikata ke kira uwar garke, ta durƙushe. A kashe a kunna, ta yi minti biyar ta sake faɗuwa. Sai wajen ƙarfe ɗaya take dawowa hayyacinta. Da farko abin dariya aka ɗauke shi, ana cewa mutanen ɗakin gawa ne ke duba sakamakonsu. Ranar Laraba ba wanda ya yi dariya.

Shugaban asibitin ya kira wani mai gyara daga waje. Mutumin ya yi minti ashirin yana duba rajistar da uwar garke ke rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, ya ɗago ya ce da gangan ake danne ta, kuma sunan da ake shiga da shi na injiniyan asibitin ne. Kafin rana ta raba, labarin ya kai har wurin masu wankin zannuwan gado. Ai dama, in ji su, wata shida ya yi yana naci a sayo masa sabuwar na'ura an ƙi.

Injiniyan yana da shekara arba'in da 'ya'ya uku, amma a gidansu har yau Auta ake ce masa. Mutum ɗaya ya kira a waya: matar yayansa.

*

Mai Sawu ake kiranta. Shekara ashirin ta yi a wani kamfanin sadarwa tana bin diddigin matsala daga waya zuwa waya har sai ta kama ta da hannu, sannan ta bar aikin ta koma cin gashin kanta. Ba ta iya zama wuri ɗaya in tana tunani. A ofishin Shugaba ma ƙin kujera ta yi.

"Ranka ya daɗe, gara in faɗa maka tun ba ka ji a bakin wani ba. Ƙanin mijina ne."

"To me ya rage? Kin zo wanke shi ke nan."

"Na zo bin sawu. In ya kai ni ƙofarsa, ni zan fara gaya maka, kafin uwarsa ta ji."

Shugaba ya murza goshi. Mijin matar nan, ya ce, tun safe yana zaune a matakalar bene, ya ƙi ci ya ƙi sha, kuma ya rantse sai an nuna masa wanda ya yi. "Na dakatar da ƙanin naki daga yanzu. Gobe ƙarfe huɗu zan miƙa shi ga 'yan sanda. Abin da zan iya ba ki ke nan."

Ta sami Auta a ɗan ɗakin uwar garke, sanyin na'ura na kaɗawa amma rigarsa ta jiƙe da zufa. Ya yi tsuru-tsuru kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki.

"Yaya, wallahi ban…"

"Ajiye rantsuwa, ba ta shiga rajista. Mutum nawa uwar garke take iya saurara a lokaci guda?"

"Ɗari. Kamar ƙofofi ɗari ne. Kowa ya shigo ya karɓi abin da yake so ya fita, ko daƙiƙa ɗaya ba ya yi. Ko kwamfuta ɗari biyar ce ya kamata ta ishe su."

"Ka taɓa cire layin waje ka gani?"

"Sau biyu. Na zaci wanda aka kora kafin ni ne ke yi mana aike daga nesa. Na raba mu da intanet gaba ɗaya, ta faɗi yadda ta saba."

"To ɓarawon na cikin gida ne. Kai ba ka ga sunanka a rajista ba duk sati ukun nan?"

"Na gani. Na ɗauka ni ne, tunda kullum ina ciki ina gyara."

Ta ja tsaki, ta jawo kwamfutarsa gabanta tana tsaye. Layuka ne dubu bisa dubu. Ta ware waɗanda ke ɗauke da sunansa, ta tsura musu ido. Duk tambaya iri ɗaya ce: neman majinyaci, amma gurbin suna babu komai a ciki.

"In an nemi majinyaci ba a rubuta suna ba, me take yi?"

Auta ya dubi layukan. "In ma'aikaci ne sai ta ce ya rubuta suna. In da sunana aka shiga, sai ta kwaso kowa. Kati dubu ɗari huɗu, har da hotunan ƙashi. Tambaya ɗaya kan riƙe ƙofa minti huɗu."

"Ga arba'in nan a jere, ƙarfe bakwai da rabi. Shafi arba'in mutum ya buɗe ya tafi ya bar su. In shafi bai sami amsa ba?"

"Sake tambaya yake da kansa."

"Arba'in sun zama tamanin kafin takwas. Sai jama'a su zo su tarar da ƙofa ashirin, kowa ya ƙosa ya yi ta danna-danna, kowace dannawa sabon layi. Kai kuma ka kashe ka kunna, shafukan nan na nan a buɗe suna jira, da ta ɗago kai su sake hawa kanta. Wace kwamfuta ce mai lambar nan da ke gefen layukan?"

Ya sunkuyar da kai. Bai taɓa rubuta wace lamba ce a wane ɗaki ba, kuma lambobin canzawa suke duk safiya.

"Allah ya shirye ka, Auta. Ba ni makullin nan ka tafi gida."

*

Babbar Nas ba ta jira an tambaye ta ba. A bakin ɗakin magani ta tare Mai Sawu, ta ja ta gefe.

"An bar jaki ana dukan taiki. Je ki ɗakin kati ki ga Kawu. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da takardun asibitin nan, aka zo aka ce kwamfuta ta karɓe, ƙarshen shekara za a rufe ɗakinsa a sallami mutanensa shida. Tun da abin nan ya fara, wa ake layi a ƙofarsa kullum? Har sabon takalmi ya yi."

Ɗakin kati yana ƙasa, ƙarshen baranda, da warin tsohuwar takarda. Kawu Mai Kati dogo ne siriri, da biro uku a aljihun gaba. Bai tashi ba.

"Ke ce mai farautar aljanun kwamfuta? Sannu da zuwa, 'yata. In cewa aka yi na ji daɗi, na ji. Takarda ba ta taɓa ce mini in jira ba."

"Ƙarfe nawa kake zuwa, Kawu?"

"Bakwai. Ni nake riga maigadin safe."

"Ka iya kwamfuta?"

"An koya mana dai, kwana uku, kamar 'yan makaranta. Na iya kunnawa." Ya yi murmushi. "Na fi iya kashewa."

Ta fito ranta a jagule. Yana da dalili, yana da lokaci, kuma bai damu ya ɓoye ba. Sai dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi kuwa wannan har tsokana yake.

A hanyar fita ta wuce ta gindin bene. Mijin mai ɗinkin na zaune a matakala, ya rungume jakar matarsa. Wani tsohon likita mai furfura, wanda kowa ke kira Dattijo, ya tsuguna a gabansa yana yi masa magana a hankali. Wata nas ta raɗa wa Mai Sawu cewa shi ne ya sheƙo daga ɗakin dubansa ya zura wa matar bututu a maƙogwaro da lalube, lokacin da kowa ya rikice. Rabin likitocin asibitin shi ya koyar, har da Shugaba.

Wayarta ta yi ƙara sau biyar kafin ta kai gida. Uku mijinta, biyu surukarta. Ta ɗaga ta ƙarshen.

"Inna, ina yini."

"Ina na ga yini? An ce za a kai mini yaro gidan yari."

"Inna, yaron naki furfura ta fara fito masa."

"Ko haƙoransa sun zube, ni na haife shi. Ki fito mini da shi."

"In shi ne ya yi fa?"

Tsohuwar ta kashe wayar.

*

Ƙarfe bakwai na safiyar Alhamis tana ɗakin uwar garke. Ta shirya tarkonta: da tambayar nan marar suna ta shigo, za ta ga ramin da ta biyo a akwatin da wayoyin asibitin duka ke haɗuwa, ta bi wayar da ƙafa har ɗakin.

Bakwai da rabi ta yi, shiru. Ta zaga ɗakin, taku huɗu ne tsawonsa. Takwas saura kwata, shiru. Ƙarfe takwas fitilun akwatin suka hau ƙiftawa gaba ɗaya, kwamfutoci ɗari da sittin suka afko. Ta tsura wa lissafin ƙofofi ido. Goma sha biyu a cike. Ashirin da uku. Goma sha bakwai. Uwar garke ko gezau.

Tara da rabi Shugaba ya turo ƙofa, Babbar Nas na bayansa.

"An dakatar da ƙaninki jiya, yau lafiya lau. Akwai sauran magana?"

Suka fita suka bar ta da ƙarar fanka. Ta dafe tebur da hannu biyu. Ta tuna ranar da aka kawo ta gidan tana amarya, Auta na ɗan makaranta, yana ɓoye mata takalmi don ta ba shi na alewa. Ta hango kanta tana gaya wa Inna. Sai ta ji haushin kanta, ta jawo rajistar ta koma baya kwana-kwana, don ta ƙirga sau nawa ya yi.

Laraba akwai. Talata akwai. Litinin akwai. Juma'a akwai. Alhamis ɗin da ta wuce babu ko layi ɗaya. Ta ƙara ja baya. Alhamis ɗin kafin ita ma fes. Duka ranakun biyu Auta na bakin aiki, ga sawunsa na gaskiya nan yana ta duba na'ura. Ba wanda ya lura, don mutane ranar wahala suke tunawa.

Ta kira shi. "Wa ba ya zuwa aiki ranar Alhamis?"

"Da yawa, Yaya. Masu haƙori, masu gashin ƙashi, likitocin da ke zuwa koyarwa, nas-nas masu hutu. Sun fi talatin."

"Kawu fa?"

"Kawu ko ranar hutu zuwa yake."

Ta kashe. Akwatin wayoyin yana da tasa 'yar ƙwaƙwalwar, ta kwana biyu kacal. Ta tona a ciki, ta gwada lambar jiya da ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ya ci mata awa guda. Rami na arba'in da uku.

*

Wayar shuɗiya ce kamar sauran 'yan uwanta. Ta ɗaura mata jan zare, ta karɓi tsani a wurin maigadi, ta ɗaga allon silin ta leƙa da fitilar wayarta. Haka ta yi ta yi, ta sauko, ta ja tsani taku goma, ta sake hawa, majinyata na bin ta da kallo. Wayar ta wuce ɗakin gwajin jini, ta wuce ɗakunan duba marasa lafiya guda shida, ta karya kwana, ta gangara cikin bangon wani ɗaki da ke kulle.

"Ɗakin koyarwa ne," in ji wata mai shara da ta tsaya da tsintsiya tana kallon ikon Allah. "Tun da aka gama koyon kwamfuta ba a shiga. Makulli na wurin Kawu, yana tara tsofaffin fayil a ciki."

Kawun dai.

Shi ya zo ya buɗe da kansa, yana gunaguni. Kwalaye ne jibge har rabin bango, da tebura takwas, kowanne da kwamfuta a lulluɓe da ƙura. Ban da ɗaya, ta can lungu. A bayanta akwai wata ƙaramar ƙofa mai sakata ta ciki, sakatar a zare. Ta tura. Siririn lungu ne mai bi ta bayan ɗakunan likitoci zuwa banɗakinsu.

Ba ta taɓa kujerar ba tukuna. An jawo ta har ta manne da tebur. An kuma jawo fuskar kwamfutar gaba, har bakin tebur. Ta haska gilashin ta gefe: a tsakiyarsa akwai tabon maiƙo, dunƙule guda, irin wanda goshi ko hanci kan bari. Ta kunna. Sunan Auta na nan a ajiye da lambar sirrinsa, tun ranar da ya koyar da mutane a nan ya manta bai fita ba. Shafin ya buɗe, sai ta ja baya. An ƙara girman rubutun har ninki huɗu. Kalmar "Nema" kaɗai ta kai tafin hannu.

Ta ɗauki wata takardar bayanin magani daga cikin kwali, irin mai rubutu kamar ƙwayar gero, ta miƙa wa Kawu. "Don Allah karanta mini nan, na manta tabarau."

Ya riƙe ta nesa da fuska ya karanto layi uku ba gargada. "Shekara sittin da biyu, ban taɓa sa gilashi ba. Ku 'yan zamani kwamfuta ta cinye muku ido." Sai idonsa ya kai kan manyan haruffan nan, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Kawu, kai ke karɓar duk katin da aka rubuta da hannu. Rubutun wa ya canza a bana?"

"Ni mai ajiya ne, 'yata, ba mai tona asiri ba."

"Ƙarfe huɗu za a tafi da mai 'ya'ya uku. In ba a tafi da shi ba, kai ne, makulli na hannunka."

Ya daɗe yana gyara biron aljihunsa. Sannan ya fita, ya dawo da kati biyu, ya ajiye mata ba tare da ya dube ta ba. Sa hannu iri ɗaya. Na shekara biyu da suka wuce haruffa ne ƙanana, a jere kamar ɗinki. Na makon jiya manya ne, suna hawa suna sauka, layi na ƙarshe ya zarce bakin katin.

*

Huɗu saura kwata aka taru a ɗakin koyarwar, don ta ce a nan take so. Shugaba, Babbar Nas, Kawu, ƙaramin likitan da ya ba da umarnin allura, da Auta, wanda ya rakuɓe a jikin kwali. Dattijo ya dawo daga makarantar likitoci inda yake koyarwa duk Alhamis, Shugaba ya roƙe shi ya zauna a matsayin babba. Ɗan sanda ɗaya na jira a baranda.

Mai Sawu ta bayyana musu yadda shafi arba'in ke cinye ƙofa ɗari, a taƙaice, tana kai da kawowa tsakanin tebura. Ta nuna musu Alhamis uku.

"Wannan bai wanke shi ba," in ji Shugaba. "Sunansa ne."

"Sunansa ne, kuma sakacinsa ne. Ya bar makullin gida a jikin ƙofa wata uku. Wannan ka hukunta shi a kai, ni ma zan taya ka. Amma ba shi ya zauna a kujerar nan ba."

"Na faɗa!" Babbar Nas ta nuna Kawu. "Wa ke da makullin ɗakin?"

"Ƙofa biyu ce. Ta bayan tana buɗewa lungun likitoci."

Ƙaramin likitan ya miƙe zumbur. "Ni dai wallahi…"

"Zauna, likita. Kai ranar Alhamis kana nan." Ta juya fuskar kwamfutar ta kalle su. Manyan haruffan suka cika musu ido. "Wanda ke zama a nan sai ya ninka rubutu sau huɗu, kuma duk da haka sai ya kai fuskarsa har ta taɓa gilashi. Yana zuwa bakwai da rabi, yana rufe shafukan ƙarfe ɗaya, lokacin da ake tashi daga duba marasa lafiya. Bai iya kwamfuta ba. Abu ɗaya ya sani, kuma a ɗakin nan ya koya."

Auta ya ɗago kai a hankali. Bakinsa ya buɗe, ya dubi kujerar, ya dubi wanda ke zaune kusa da Shugaba.

Ta ɗauko takardar maganin nan. "Zan zagaya da wannan, kowa ya karanta layi ɗaya."

Babbar Nas ta karanta da tabarau. Ƙaramin likitan ya karanta. Shugaba ya karanta a fusace, ya miƙa wa na kusa da shi ba tare da tunani ba. Dattijo ya karɓa. Ya shafa takardar da babban yatsa, ya ninke ta biyu, ya ajiye a gwiwarsa.

"Ya isa, 'yata. Ko fuskarki ban gani ba tun da na shigo. Muryarki nake bi."

"Malam…" in ji Shugaba.

"Bari in gama, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Shekara biyu ke nan tsakiyar idona ke mutuwa. Gefe-gefe nake gani. Na je wani gari an duba ni, an ce ba magani. Da takarda ba wanda ya gane. Hannuna ya san hanya, kunnena na ji, yatsuna na gani. Sai aka kawo wannan abin, aka ce kowane likita ya rubuta da kansa, ga nas a tsaye tana kallo." Ya juya wajen da yake zaton Auta yake. "Ranar koyo na danna ban rubuta suna ba, don ban ga gurbin ba. Komai ya tsaya. Ka yi dariya ka ce, Baba, ai ka kira duk garin ne a lokaci guda. Ban manta ba. Wata biyu ina fakewa da nas, yau in ce hannuna na ciwo, gobe in ce na manta lambar sirri, har ta fara kallona. Ranar da na fara, cewa na yi na yau kaɗai, in samu in duba mutanena da biro. Kullum haka nake cewa."

"Ka san sunana ne a ciki?" in ji Auta.

"Ban sani ba sai jiya. Ban iya karanta shi ba."

"Jiya ka sani. Ka kwana ka tashi ka tafi koyarwa."

"Na tafi." Dattijo bai kare kansa ba. "Na ce in na dawo zan faɗa. Na shigo ɗakin nan ma ina cewa zan faɗa. Da ba ta miƙo takardar nan ba, ban san ko da na faɗa ba."

Babbar Nas ta cire tabarau tana goge ido da bakin mayafi. Shugaba ya dubi ƙofar baranda inda ɗan sanda yake, ya dubi malaminsa, fuskarsa ta yi kamar an ɗora masa dutse.

"Malam, da ka gaya mini. Da na sa maka mai rubutu, da na…"

"Da ka karɓe mini majinyata, kuma da ka yi daidai. Shi na guje wa. Yaya matar?"

"Ta buɗe ido da rana," in ji ƙaramin likitan. "Ba ta yi magana ba tukuna. Ba mu san abin da rashin iskar ya taɓa ba."

Dattijo ya miƙe, ya cire farar rigarsa ya ɗora a bayan kujera. "Ka ce wa ɗan sandan ya ba ni minti goma. Mijinta ya ce a nuna masa wanda ya yi. Jiya na tsuguna a gabansa ina ba shi haƙuri, yana yi mini godiya."

*

Mai Sawu ta tsaya ta toshe kafar da aka shiga ta ciki. Aikin minti goma ne: ta goge sunan Auta daga kwamfutar, ta hana neman da ba suna ga kowa, ta sa duk tambayar da ta wuce daƙiƙa goma a yanke ta, kuma kada kwamfuta ɗaya ta riƙe fiye da ƙofa biyar. Ta tura wa mijinta saƙo ya gaya wa Inna ta ci abinci. Sannan ta fito, ba ta ji daɗin komai ba.

An mayar da mijin matar sama, bakin ɗakin da take kwance. Dattijo na tsaye a gindin benen, shi kaɗai, hannunsa na laluben ƙarfen dafawa. An cire shi tun safe don fenti, ba wanda ya gaya masa. Ma'aikata sun yi cirko-cirko daga nesa, kowa na jin nauyin matsowa. Auta ya zo wucewa da jakarsa, ya tsaya.

"Wane ne nan?" in ji Dattijo.

"Ni ne."

Tsohon ya gane muryar. Ya sauke hannunsa. "Injiniya, matakala nawa ce?"

Auta ya ɗaga kai ya dubi benen. Mai Sawu na ganin jijiyar wuyansa na harbawa.

"Goma sha ɗaya, sai kwana ta hagu, sai tara."

Bai miƙa masa hannu ba. Amma da Dattijo ya ɗaga ƙafa ya fara hawa yana dafa bango, sai Auta ya ajiye jakar a ƙasa, ya bi shi a baya, taku ɗaya tsakaninsu, yana ƙirga masa a hankali.